Jaka a Tsakiyar Hanya

Tun a filin ajiye motoci Noelene Pascoe ta gane an ƙulla mata wani abu. Ba da ido ta gane ba, don idon ya daɗe da fara cin amanarta. Duk abin da ta kalla kai tsaye, tsakiyarsa sai ta zama toka-toka kamar tabon maiƙo a jikin gilashi, gefe-gefe kaɗai ya rage mata. Da kunne ta gane. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna ce mata tsohuwar rigima, suna zare mata biskit daga aljihun jaka, yau kowa sai lanƙwasa murya yake yi, ana tambayarta ko ta tashi lafiya. Har Dimitra, wadda ba ta taɓa raga wa kowa ba, ta matso tana gyara mata igiyar hula. Noelene ta bige hannun.

"Ke, jinya kika zo yi ko tafiya?"

"Daga taimako, Noelene?"

"Taimaki bakinki, ki ba shi hutu yau. Hulata ta san inda take zama."

Aka yi da'ira kamar yadda ƙungiyar masu taka daji ta garin Port Ellery ta saba yi kafin kowace tafiya. Kowa ya faɗi sunansa, duk da cewa in ka cire wasu baƙi biyu, miji da mata da suka zo daga birni, kowa ya san kowa har da sunan karensa. Kerryn, jagorar ranar, ta tsaya a tsakiya cikin rigar ruwanta rawaya. Wannan rigar kam ko Noelene tana iya ganinta. Saboda baƙin, Kerryn ta maimaita dokokin tafiya.

"Ba a wuce jagora, ni ke nan. Ba a komawa bayan mai rufe baya, ga shi can, Athol, mai farin gemu. In kuma wata buƙata ta kama ka za ka shiga daji, ka ajiye jakarka a tsakiyar hanya. Ba mai taɓa ta, ba mai tambayarka inda ka je. Athol zai tsaya a kanta har ka dawo, in ya tsaya kuwa duk mun tsaya."

Noelene tana bin maganar da leɓɓanta. Ai dole. Ita da Glenys, mahaifiyar Kerryn, suka kafa dokokin nan tun ƙungiyar ba ta fi cikin tsohuwar mota ɗaya ba, bayan an taɓa manta wani bawan Allah a bayan bishiya da wandonsa a hannu, aka yi ta tafiya har bakin teku kafin a lura babu shi. Glenys ta rasu, dokokin kuwa suna nan yadda aka kafa su.

Kerryn ta yi gyaran murya.

"Sai kuma ɗan canji. Yau ba za mu hau Kan Brannock ba. Za mu bi ta ƙasa, mu kalli kifayen wel daga dandalin kallo na ƙarshen hanya. An ce za a yi iska."

Kowa ya samu abin kallo a kan takalminsa. Safiya ce mai tsit, ko ganye ba ya motsi. Noelene ta lashi ɗan yatsa ta ɗaga shi sama, ta bar shi a ɗage har sai da wani ya yi tari.

"Lallai kam," in ji ta. "Kowa ya riƙe hularsa da kyau."

Kan Brannock shi ne dalilin tafiyar Oktoba gaba ɗayanta. Dogon hancin dutse ne da ya kutsa cikin teku, ba a isa gare shi sai ta wata siririyar hanya da ake ce wa Wuya, rami dama, rami hagu. A wannan watan kifayen wel, ƙattin teku masu fitowa saman ruwa su sha iska, suke dawowa daga ruwan ɗumi na arewa da 'ya'yan da suka haifa, kuma uwa mai ɗa takan raɓo gaɓa, ta bi ta ƙarƙashin dutsen a hankali. Dandalin kallo kuwa siminti ne da shingen ƙarfe, daf da inda motocin 'yan yawon buɗe ido suke juyawa. Daga can, kifin da ya fi motar safa girma bai wuce ƙwayar wake ba.

Bara a kan Wuya Noelene ta taka abin da ta ɗauka dutse ne, ashe inuwa ce. Ta faɗi, goshinta ya tsage, kuma ba don wani kututture da ya tare ta ba da labarin ya ƙare a nan. Kerryn ce ta riƙe mata kai a cinya har masu ceto suka iso. Bayan nan kwamitin ƙungiyar ya zauna, aka yi ta ambaton inshora, aka yanke cewa Noelene ba za ta ƙara taka Wuya ba, kuma duk ranar da ta saɓa wa jagora za a mayar da ita cikin 'yan tafiyar Laraba, masu bin siminti a bakin ruwa su ƙare a shagon shayi. Ta ji hukuncin, ta haɗiye. Ta zaci yau za a ce mata ta zauna a mahaɗar hanya ta jira, har ta tanadi rigimar da za ta yi. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne a hana kowa saboda ita, a kuma laɓe bayan iska. Wannan ya fi faɗuwar yi mata ciwo.

Aka kama hanya sahu ɗaya, Kerryn a gaba, Noelene daf da ƙarshe da sandunanta biyu, Athol a bayanta. Athol tsohon makanikin jiragen kamun kifi ne, ya ma girme ta, gwiwarsa ɗaya ta ƙarfe ce. Tun da idonta ya fara lalacewa ya tsiri wata ɗabi'a ta yin magana da ƙarfi, wai shi da kansa yake.

"Kai, dubi wata saiwa ta tsallaka hanya kamar ta ubanta," zai ce, sai Noelene ta ɗaga ƙafa. Ba ta taɓa gode masa ba, shi ma bai taɓa nuna ya san abin da yake yi ba.

Hanyar ta ratsa cikin itatuwan turare, ƙamshinsu ya gauraya da na gishirin teku. Baƙaƙen aku suka tashi daga reshe da kukansu mai kama da ƙofar da ta daɗe ba ta sha mai ba. Can gaba sahu ya tsaya saboda wata walabi, 'yar dabba mai tsalle da ƙafafun baya, da take kiwo a gefen hanya, ɗanta yana leƙe daga aljihun cikinta. Aka yi ta ɗaukar hoto, baƙuwar nan, Yvette, tana ta faɗin wayyo dubi kunnensa. Noelene ta karkata kai, ta kalli gefen inda ake nunawa, ta samu ganin wani abu mai launin ƙasa yana motsi. Ya ishe ta, ta ga walabi iya gani a rayuwarta.

"Wannan guzan da ya maƙale a bishiyar hagu ya fi shugaban kwamitinmu kyan fuska," in ji Athol, shi da kansa.

"Ya kuma fi shi sanin hanya," in ji Noelene.

Da hantsi aka zauna shan shayi a kan wani faffaɗan dutse. Kowa ya fito da filas ɗinsa, Dimitra ta zagaya da kek ɗinta mai zuma irin na mutanensu na Girka. Noelene ta zauna ɗan nesa, ta ba mutane baya. Mutane suna da wata wauta, in sun ga idonka ya yi rauni sai su ɗauka kunnen ma ya bi shi.

"Mu fa don Kan Brannock muka tuƙo mota tun asuba," Yvette take ce wa Dimitra. "Ƙanwata ta ce a can har numfashinsu ana ji. Wai ina iskar take?"

"Sassauta murya. Ba iska ba ce. Kin ga waccan mai jar jaka? Ita ta buɗe hanyar nan tun ba a haife ki ba, amma idonta ya tafi. Kerryn ba za ta iya ce mata ta zauna ita kaɗai ba, shi ya sa duk muka haƙura."

"Ayya, baiwar Allah."

Noelene ta zubar da sauran shayinta a ƙasa, ta murɗa murfin filas har sai da ya yi ƙara. An kira ta sunaye iri-iri a garin nan, mai taurin kai, mafaɗaciya, uwar gardama, ba wanda ya taɓa hana ta barci. Amma wannan ayya ta shige ta har ƙashi. Ta ji zuciyarta tana tafasa, ta kuma ji kunya, kunyar da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Ba a daɗe da tashi ba aka iso mahaɗar. Hanya ɗaya ta gangara hagu zuwa dandalin kallo, ɗayar ta haura dama zuwa Wuya. Kerryn ta yi hagu da sauri ko waiwaye babu, kamar mai wuce gidan da ke da mugun kare, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Noelene ta ja ta tsaya. Ta ɓalle maɗaurin ƙirji, ta ɓalle na ƙugu, ta sauke jar jakarta ta ajiye a tsakiyar hanya, ta gyara mata zama da ƙafa.

"Noelene," in ji Athol.

"Mene ne?"

"Nan ko bishiyar kirki babu da mutum zai laɓe."

"Tambayata kake yi inda za ni, Athol?"

Ta ji yana sosa gemu.

"Ni ban tambaya ba."

"Taɓa ta za ka yi?"

"Allah ya kiyaye."

"To tsaya a kanta, aikinka ke nan."

"Kin dai san abin da kwamiti zai yi."

"Ina cikin ɗakin aka faɗa, tsoho."

"Dole in busa usur fa. Ba ni da zaɓi."

"Busa mana. Amma ka nemo shi tukuna, ka san aljihunanka da yawa."

Ta juya ta kama hanyar dama. A bayanta ta ji Athol yana buɗe aljihu ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki, yana tambayar kansa ina ya jefa tsinannen usur ɗin nan da yake rataye a wuyansa.

Hawan ba wani tsayi gare shi ba, amma babu mai yi mata magana shi da kansa. Sandar hannunta take turawa gaba, ta taɓa, sannan ƙafa ta bi. Itatuwa suka ƙare, sai gajerun ciyayi masu ƙaya suna jan wandonta, hasken teku ya buɗe ta gefe biyu. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda yake busar da baki. Ba jaka, ba ruwa, ba kowa. Ta ce a ranta, tsoro dai ba sabon abu ba ne, bara ma ta ji shi, kuma shi ba ya cewa ayya. Can ƙasa usur ya yi kuka, muryoyi suka tashi.

Ta kusa bakin Wuya ke nan ta ji gudu a bayanta.

"Anti Nol! Tsaya!"

Ba ta tsaya ba. Kerryn ta kauce ta cikin ciyayi, ta zagaye ta, ta dira a gabanta tana haki, ta ware hannuwa. Rigar rawaya ta cika hanyar.

"Ba a wuce jagora," in ji Kerryn. "Ke kika kafa, ba ni ba."

Noelene ta tsaya cak. Yarinyar ta kama ta da igiyar da ita ta tufka. Duk da ɓacin ran da take ciki sai da dariya ta so kuɓuce mata, don Glenys ce sak, har da ɗaga haɓar.

"Kin iya, 'yar nan."

"Ba wasa nake yi ba, Anti. Ki juya."

"Ina iskar taki? Na ɗauka za ta iso kafin ni."

"Kar ki yi mini haka." Kerryn ta ƙara ware hannuwa. "Ke ba ki ga kanki ba bara, ni na gani. Jininki har cikin takalmina. Ina kiran sunanki kina kallona ba ki san ko wace ce ni ba. Na binne Mama, ba zan je ƙasan dutsen nan in tsinto ki ba. Ba zan iya ba, kin ji?"

Maganar ta taɓa Noelene, ta kuma bar ta ta taɓa ta. Tana ƙaunar yarinyar nan kamar ita ta haife ta. Amma ba ta ja da baya ba ko da faɗin tafin ƙafa.

"Na ji, kuma na san ba ƙiyayya ba ce. Amma saurara. A kan wuyana na tsallaka da ke wurin nan kina 'yar ƙarama, kina ja mini kunne kina cewa in yi sauri. Da kin zo kin ce, Anti, zauna a mahaɗa ki jira mu, da na zage ki tas, sannan na zauna. Sai kika tsaya gaban mutane kika yi ƙaryar iska, kika mai da ni dalilin rufe hanya. Bana saboda idona, baɗi saboda gwiwar Athol, baɗin baɗaɗa ciyawa ta cinye hanyar, kowa ya koma siminti yana kallon wake. Kuma a ce don Noelene aka yi. Ban yarda ba."

"To yaya kike so in yi?"

"Ba zan wuce ki ba, doka doka ce. Amma baya ma ba zan koma ba. In kin tsaya mun tsaya, ina da sanduna biyu da zan jingina, ba inda nake sauri. In kuma kin juya kin yi gaba, rigar nan taki ita kaɗai ce abin da nake gani da kyau a duk dajin nan. Zan bi ta."

"Za su cire ki, Anti."

"Su cire."

"Ni ce zan kai musu labari, da bakina."

"Ki kai, kada ki rage komai. Ƙarya ɗaya ta ishe ki yau."

Suka tsaya haka. Ruwa yana bugun dutse can ƙasa, wata gaggafar teku ta wuce, inuwarta ta gifta ta gefen idon Noelene. Ta ƙara dafa sandunan. A taurin kai ta girmi yarinyar nesa ba kusa ba, kuma dukansu biyu sun san haka.

Kerryn ta saki wani zagi da uwarta ba ta koya mata ba, ta share hanci da bayan hannu, ta juya.

"In na taka, ki taka. Kika kauce wa rigar nan, wallahi ni zan tura ki da hannuna."

"Yauwa. Yanzu na ji muryar jagora."

Suka shiga Wuya. Noelene ta karkata kai yadda rigar za ta zauna a gefen idonta mai gani, ta manta da rami dama da rami hagu, ta bar duniya ta zama wannan launi ɗaya. Rigar ta matsa, ta matsa. Rigar ta tsaya, ta tsaya. Iskar da aka yi ta alkawari ta zo, 'yar kaɗan, iya ta busar da gumin goshi. Da suka iso wurin da ta faɗi bara ba sai an faɗa mata ba, ta gane shi. Sai ta ji Kerryn tana magana, wai ita da kanta.

"Kai, wannan inuwa ta zauna kamar dutse. Dutsen gaske yana hagu kaɗan."

Noelene ta taka hagu kaɗan. Ba ta gode ba.

Da hanya ta buɗe, ƙafarta ta ji faffaɗan dutsen da ta sani, ta lallaɓa ta zauna a inda ta saba zama. Kerryn ta zube kusa da ita, ta miƙa mata gorar ruwa. Tekun yana kwance, babu kifi, babu alamarsa.

Ba su daɗe ba sai ga muryoyi ta kan Wuya. Dimitra ce a gaba, sauran suna biye, kuma tafiyarsu ba nauyi, ba ƙarar maɗauri ko ɗaya. Ba wanda yake goye da jaka.

"Me ya kawo ku?" in ji Kerryn.

"Buƙata ce ta kama mu gaba ɗaya," in ji Dimitra. "Ina jin zumar kek ɗin nan ta lalace. Kuma ba a tambaya, jagora."

Athol ne ƙarshe kamar kullum, gwiwarsa tana ƙara, yana haki.

"Athol, wa ka bari a kan jakunkunan?"

"Tawa na ɗora a kansu. Ban wuce ko ɗaya ba, kaucewa na yi daga hanya kamar kowa. Na juya dokar nan ta kowane gefe, ba inda ta hana tsoho buƙata."

Aka baje a kan dutse ana jira. Wani ya ga wasu kifayen dolfin suna wasa can nesa, aka ɗan yi hayaniya, aka koma shiru. Har mijin Yvette ya fara duba agogo. Sai Yvette ta ƙwalla ihu.

"Ga wel! Ga ta nan ƙasa!"

Wuri ya kaure. Kowa ya miƙe, kowa yana nunawa, can, can, dama da farin kumfa, ta nutse, ta fito, dubi bayanta, dubi jelar. Noelene ta miƙe ita ma. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta ɗaga haɓa, ta sunkuyar. Haske kawai, da wannan tabon toka yana bin duk inda ta kai ido. Wani ya cusa mata madubin hange a hannu, ta ɗora, tabon ya ƙara girma. A ɓoye cikin ranta ta sa rai cewa abu mai girman motar safa zai samu wuri ko a gefen ido ne. Bai samu ba. Ta ji hawaye sun kawo.

"Kin gan ta, Anti?" in ji Kerryn, tana riƙe da hannunta. "Kin gan ta?"

In ta ce e, kowa zai ji daɗi, a tafi gida da labari mai kyau.

"Ban ga komai ba."

Hayaniyar ta mutu. Noelene ta ji kawuna suna juyowa, ta ji wata ta ja numfashi, ta san abin da yake tafe. Ta ɗaga sanda ta buga a kan dutse.

"Duk wanda ya ce mini ayya, zan jefa shi ƙasa ya gaishe ta da kansa. Ku rufe mini baki, kowa da kowa!"

Aka rufe. Ba a taɓa jin ƙungiyar Port Ellery ta yi shiru irin wannan ba, har Dimitra. Sai ruwa yana lasar gindin dutse, yana komawa.

Daga ƙasa wani sauti ya taso, kusa ƙwarai, kamar an zare bakin tayar babbar mota. Fitar numfashi mai tsawo, sannan jansa, mai zurfi, wanda Noelene ta ji a ƙirjinta kafin kunnenta. Ƙarnin kifi ya biyo iska ya bugi fuskarta. Ta riƙe nata numfashin. Can sai wani ya biyo baya, ɗan gajere, mai gaggawa, kamar na yaron da ya sha gudu.

"Su biyu ne," in ji ta a hankali. "Da ɗanta."

"Da ɗanta, Anti. Yana manne da gefenta."

Ba wanda ya ƙara ɗaga murya. Wayoyi suka koma aljihu. Aka zauna ana saurare, babban numfashi da ƙaramin, suna nisa kaɗan-kaɗan zuwa kudu, har ya zama ba a rarrabe su da ƙarar ruwa. Noelene ta bar hawayen suka zuba, ba ta share ba, kuma ba wanda ya yi gigin miƙo mata hankici.

Komawa ta fi zuwa wuya. Ƙafafun sun gaji, rigar rawaya sai da ta yi ta tsayawa tana jiranta. A tsakiyar Wuya Noelene ta faɗa wa kanta gaskiya, cewa ba za ta ƙara taka wurin nan ba. Abin ya yi mata zafi, amma ita ta yanke, ba wasu masu zama a ɗaki da kofin shayi ba.

A mahaɗa jakunkuna sun yi tuli a tsakiyar hanya, ta Athol a sama. Kowa ya zaro tasa ana dariya ana gardamar wa ya danne sanwicin wa. Jar jakar ce a ƙasa, inda aka ajiye ta. Noelene ta durƙusa ta buɗe ta. Ta ciro filas, ta ciro makullan gida da rigar sanyi da ledar biskit, ta cusa abin da zai shiga aljihu, sauran ta danƙa wa Dimitra. Sannan ta miƙa wa Athol jakar, fanko.

"Me zan yi da ita?"

"Ka ajiye. Ni daga yanzu 'yar Laraba ce, jakar hannu ta ishe ni zuwa shagon shayi. Baɗi in kun iso nan, ka sauke ta a hanya, kowa ya kauce ya hau Kan Brannock."

"In kwamiti ya hana fa?"

"Su zo su ɗauke ta, in akwai mai taɓa jakar wani a cikinsu. Ka ce mai ita ta kauce, ba ta dawo ba tukuna."

Athol ya karɓa. Ya daɗe yana naɗe ta, fiye da yadda naɗe jaka yake buƙata, ya tura ta cikin tasa, ya yi ta fama da maɗauri yana tsaki.

Kerryn tana tsaye tana jin su. Ta saɓa jakarta, ta ƙirga kawuna, ta juya ta fuskanci hanyar gangara. Har ta ɗaga ƙafa sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Athol."

"Na'am, jagora."

"Ka sa ta a tsakiya sosai, inda ba zan iya cewa ban gani ba."

Sahu ya motsa. Noelene ta gyara hularta, ta dafa sandunanta, ta bi rigar.